KEKEN HAYA: A TUNA DA MAI ƘARAMIN ƘARFI

Yau na ɗan ajiye alƙalamin labari, domin in taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato abin hawan talaka a birnin Kano.

Duk wanda ya tsaya bakin titin Haɗeja ta wajen Gawuna da sassafe, zai ga leburorin Bompai da 'yan dakon kasuwar Yankaba suna ta sharar hanya a ƙasa. Tun 2013 gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ya gaji wurin. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500, kuɗin mota ya bi ta. To wanda abin da ya samo yau shi za a ci yau, ina zai sa kansa?

Wasu ƙasashe sun nemi mafita a keke. Birnin Paris na Faransa ya kafa Vélib' a 2007, Hangzhou na ƙasar Sin ya biyo baya a 2008: ka ɗauki keke a wannan tasha, ka ajiye a waccan. Sai dai yawancin irin wannan tsari katin banki ko babbar waya yake nema, shi ya sa a 2015 birnin Philadelphia na Amurka ya buɗe ƙofar biya da tsabar kuɗi, don kada a bar marasa hali a baya.

Mu kuwa hayar keke ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Da yawanmu a wajen mai haya muka koyi tuƙi, awa ɗaya ko rabin awa, babu jingina illa ya san gidanku. A ganina wannan amanar za a faɗaɗa. A yi tashoshi a Gawuna, Yankaba, Bata da Ƙofar Wambai, a damƙa su ga masu gyaran keke, mai unguwa ya tsaya wa mai ɗauka, a karɓi tsabar kuɗi.

Na san za a ce za a sace. Wanda mai unguwarsa ya san ubansa, da wuya ya zubar da mutuncin gidansu a kan keke. Abin da ya fi ba ni tsoro titin ne. Mun gina gadojin sama, amma mai keke yana raɓe tsakanin tirela da kwata. Hukuma ta ware masa gefensa tukuna.

Mu ma mu daina kallon mai keke a matsayin wanda ya gaza. Magidancin da ya rage kuɗin mota ya ƙara a cefane, ai jinjina ta kamace shi.

Allah ya sa masu iko su ji. Sai mun haɗu a ci gaban labarinmu.