Rabon Hanyar Saƙonni A Cikin Manyan Kwamfutoci

Tun watan Nuwamba na 2023, sa'ad da kamfanin Broadcom na Amurka ya gama sayen kamfanin VMware a kan kuɗi wajen dala biliyan 69 har da bashi, hankalin masu lura da manyan kwamfutoci na bankuna da ofisoshin gwamnati bai kwanta ba. Cikin Disamba na wannan shekara aka sanar an daina sayar da lasisin dindindin, sai haya. Kuka ya yi yawa, har kamfanin AT&T ya kai ƙara kotu a 2024, daga baya suka sasanta. Ma'aikatu da dama kuwa suka shiga shawarar yin ƙaura. Kowa maganar kuɗi yake yi, amma akwai wani abu da masu ƙaura za su bari a baya, wanda ba a cika ambatonsa ba, watau tsarin rabon hanya.

Bari mu fara daga tushe domin wanda bai saba ba. Aikin VMware shi ne a ɗauki babbar kwamfuta guda a yanka ta, ta zama kamar gidan haya, kwamfutocin kwaikwayo ashirin ko talatin suna zaune a ciki, ko wace tana tsammanin ita kaɗai ce. To, gida ɗaya, ƙofa ɗaya. Saƙonnin ma'aikata ta nan za su bi, haka kayan da ake kai wa rumbun ajiya, haka umarnin mai lura da gidan. Har wa yau akwai vMotion, dabarar da aka fito da ita a 2003, wadda ke ɗauke kwamfutar kwaikwayo tana cikin aiki ta mai da ita wani gida. Wannan ta fi kowa haɗama, gama duk faɗin da ta tarar sai ta cika shi.

A da, ana ba ko wane iri wayarsa mai gigabit 1, har a ga wayoyi shida ko takwas a bayan kwamfuta guda. Da wayar gigabit 10 ta yaɗu, sai aka tattara su duka cikin wayoyi biyu. An huta da tarin wayoyi, amma cunkoso ya samu ƙofa. Sabo da haka VMware ya kawo Network I/O Control a 2010, ya gyara shi a 2015, da ma'auni uku: kaso, da keɓewa, da iyaka.

Kaso shi ne ya fi cancanta a yi nazarinsa, malamai kuwa za su gane shi nan da nan, domin lissafin rabo ne irin na aji. Babban kaso 100 ne, matsakaici 50, ƙarami 25. A ce waya ta gigabit 10 ce, saƙonnin ma'aikata na da 100, rumbu 50, vMotion 50, duka ukun kuma suna neman wucewa. Jimla 200 ke nan, ma'aikata su sami gigabit 5, sauran biyun biyu da rabi kowanne. In vMotion ta yi shiru, jimla ta koma 150, ma'aikata su sami kashi biyu cikin uku. Kyawun abin shi ne, ba a duban kaso sai hanya ta cika. Muddin da sarari, kowa ya ɗiba iyakar bukatarsa.

Iyaka ba ta san wannan rangwame ba. Wanda aka ce kada ya wuce gigabit 2, ba zai wuce ba ko da tsakar dare ne, hanya fayau. Ga misali: kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabait 64, watau gigabit 512, tun da ko wane bait bit takwas ne. A kan gigabit 2 ƙaurarta za ta ci fiye da minti huɗu, alhali a kan 8 minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ya isa. In talatin za a kwashe kafin a gyara gida, mai karatu ya yi lissafin da kansa. Keɓewa kuma ba a yarda ta wuce kashi 75 cikin ɗari na waya ba. A ganina a bar ta ga abin da ba ya jure jinkiri, kamar rumbu.

To, me masu ƙaura za su tarar? Wanda ya nufi Hyper-V na Microsoft zai sami abin da ya yi kama da kaso, tun fitowar Windows Server 2012. Wanda ya nufi Proxmox, na wani kamfani a birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, abin da zai tarar a shirye iyaka ce, ta ko wace kwamfuta da ta ƙaura. In yana son rabo ta kaso, sai ya gina shi da hannu da kayan aikin Linux, ko kuwa ya koma ga dabarar da, ya ware wa rumbu da ƙaura wayarsu. Ko wanne ya zaɓa kuɗi ne, ko na ƙwararre ko na waya, kuma ba safai ake sa shi cikin kiyasi ba sa'ad da ake gwada farashin lasisi. Kada a manta kuma, kwashe kayan kansa kaya ne mai nauyi, ta wannan hanya zai bi, ana tsakiyar aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ke yanka rabon. Cewa takardun albashi su riga kwafin ajiya wucewa ranar ƙarshen wata hukunci ne na shugaban ma'aikata, amma galibi ma'aikacin injin ne ke yanke shi shi kaɗai, ko ma a bar lambobin yadda kamfani ya aiko da su. Ya kamata tun kafin a sa hannu a kan takardar ƙaura, a fitar da lambobin rabon da ake aiki da su yanzu a rubuce, shugaba ya gani, a kuma tambayi mai sayarwa yadda sabon tsari zai cika ko wace ɗaya daga cikinsu.