Auren Halowin: me za mu ɗauka, me za mu bar musu?

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan arewa da karatu ya kawo Legas, Ibadan, Fatakwal, Benin da Nsukka. Da zarar Oktoba ta kama, Instagram da TikTok sai su cika da hotunan auren Halowin na Amurkawa: amarya cikin baƙar riga, ango da fentin fuska kamar wanda ya fito daga kabari, kek mai siffar ƙoƙon kai. Mu kuma sai mu rabu gida biyu. Wasu su yi ta a'uziyya, wasu su ajiye hoton a waya suna cewa "wallahi kalar nan ta haɗu, in na tashi nawa zan ɗan taɓa." Ni dai ina ganin duka biyun an yi gaggawa, kuma tunda da yawanmu daga bautar ƙasa sai maganar aure, gara mu yi zancen tun yanzu.

Mu fara sanin abin tukuna. Halowin ana yinsa ne daren 31 ga Oktoba. Tushensa yana komawa ga wani tsohon biki na mutanen Ayalan da Sikotilan mai suna Samhain, wanda suke yi in an gama girbi sanyi ya kunno kai, da imanin cewa a daren matattu kan kusanto rayayyu. Daga baya coci ta sa 1 ga Nuwamba ta zama ranar tunawa da waliyyanta, sai daren da ke gabanta ya ɗauki sunan. 'Yan Ayalan da yunwar 1845 ta kora zuwa Amurka su suka taimaka wajen kai al'adar can. A gida wata saiwa suke fafewa su sa wuta a ciki. Da suka je Amurka suka tarar da kabewa, ga girma ga sauƙin fafewa, sai suka koma mata. Asalin kabewa mai ido da haƙora da kuke gani kenan.

Auren da ake shiryawa a kan wannan rana, in ka duba da kyau, kayansa kashi biyu ne. Kashin farko na yanayi ne. Oktoba kakarsu ce, ganyen itatuwa ya koma ja da ruwan goro yana zuba, gonaki sun cika da kabewa da tuffa da masara. Sai su yi bikin a gona ko a tsohon rumbun ajiya, su jera daurin ciyawa a zauna a kai, su kunna kyandir, su yi ado da busassun furanni da karan masara, a raba ruwan tuffa mai zafi saboda sanyi. Kashi na biyu na ban tsoro ne: akwatin gawa a matsayin wurin ɗaukar hoto, ƙwarangwal a bakin ƙofa, yanar gizo da jemagun roba, katin gayyata mai kama da sanarwar rasuwa, baƙi kuma kowa ya zo a shigar mayya ko fatalwa ko mai shan jini. Wasu har garin Salem suke zuwa a jihar Massachusetts, inda aka rataye mutum 19 a 1692 bisa zargin maita. Wasu kuma otal ɗin Stanley da ke Colorado, wanda kwana a cikinsa ya ba marubuci Stephen King tunanin littafinsa na ban tsoro, The Shining.

Kashin farkon nan, gaskiya akwai hankali a ciki, kuma shi ne muke tsallakewa. Mutum ya dubi abin da ƙasarsa ta fitar a wannan watan, wanda yake ko'ina a kusa da shi, ya ƙawata bikinsa da shi. Mu fa? Ƙarshen Oktoba mu ma kakarmu ce. An yanke gero, dawa ta nuna, gyaɗa ta fito, kabewar ma tana nan ana miyan taushe da ita. Tun fil'azal a ƙauyukanmu bayan kaka ake yawan ɗaura aure, don lokacin ne rumbu ya cika manomi ya riƙe kuɗi. Amma ka shiga wurin dina a Kano ko Kaduna yau, me za ka gani? Furen roba da aka shigo da shi daga waje, hayaƙin inji, da kujerar da aka yi haya da kuɗin da zai biya maka rajistar zango guda. Ba dami, ba zangarniya, ba faifai, ba ƙwarya, ba tabarmar kaba. Ba'amurke bai ji kunyar kabewarsa ba, mu muna jin kunyar geronmu.

Kashi na biyu kuwa, a bar musu kayansu. A wurin yawancin masu yinsa, akwatin gawa da fatalwa kayan fim ne, wasa ne da suka taso da shi tun suna yara suna bin gidaje karɓar alewa. Mu mutuwa ba ta yi mana nisan da za ta zama kayan ado ba. Da hannunmu muke wanke mamaci, mu sa masa likkafani, mu ɗauki makara a kafaɗa, a rufe shi a ranar. A cikin waɗanda za ka gayyata bikinka, da wuya a rasa wadda ta fita takaba kwanan nan, ko wanda aka kashe masa ɗan uwa a hanya ko a gona a 'yan shekarun nan. Ka ce wa irin wannan ya tsaya jikin akwatin gawa ya yi murmushi a ɗauki hoto? Haba. Ga kuma addini, wanda ya koya mana cewa tuna mutuwa wa'azi ne, aure kuma ibada ce da ake buɗewa da addu'a. Kuma don kar a ce mu kaɗai ne, ku tambayi abokan karatunmu Kiristoci a nan kudu, da yawansu cocinsu ba ta yarda da Halowin ba.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, shigar ban dariya ce kawai, mu ma ai muna da tashe." Haka ne, muna da shi. Daga goma ga azumi yara kan manna gemun auduga su yi shigar tsoho, su bi gida gida ana ba su ɗan abin da ya samu, a Kano ma har Nalako gare mu mai kula da gwauraye. To amma tashe yana da watansa, yana da masu yinsa, kuma kowa a unguwa ya san da wa ake zolaya da kuma darasin da ke ciki. Ba wanda ya taɓa ɗauko tashe ya kai shi wurin ɗaurin aure. Kowane wasa da filinsa.

Sai dai kafin mu gama yi wa Amurkawa dariya, mu leƙa gidanmu. Mu ma fa muna da bikin shigar aro, suna kawai muka canza masa. Ranar Larabawa, ranar Indiya, ranar Fulani, ranar ƙauyawa. Kowace rana da ankonta, da kwalliyarta, da mai hotonta. Ƙawar amarya ɗaliba ce, kuɗin abincin wata ake turo mata, amma dole ta fitar da anko kala uku ko a ce ba ta da kara. Ranar ƙauyawan nan ma ta fi damuna. A shafa hoda ba kai ba gindi, a ɗaura zani a karkace, a yi ta kwaikwayon maganar mutanen da su ne suka noma shinkafar da za a ci a wurin, alhali iyayen da yawanmu daga can suka fito. Shi Ba'amurke aƙalla dodon da babu shi yake kwaikwaya. Mu kakanninmu muke mayarwa abin dariya.

Kuma kar wani ya ɗauka aro a kansa laifi ne. Farar rigar amarya da ake sawa a dina yanzu, yayinta ya bazu ne bayan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa fara a aurenta a 1840. Kek mai hawa hawa ma ba daga Daura ya fito ba. Aro dai muna yi, kuma za mu ci gaba. Matsalar ita ce aron da ba a tambayi ma'anarsa ba, sai don ya yi kyau a hoto.

Don haka ga abin da nake gani ga duk wanda aurensa zai faɗo a kaka. In jigo kake so, yana bayan gidanku. A jera damin gero biyu a bakin ƙofa. A zuba dabino da goro a ƙwarya da faifai. A shimfiɗa tabarma, a sa fitilu in da yamma ne. A yi waina da miyan taushe, a kawo fura da nono da zoɓo mai sanyi. Anko ɗaya ya isa, wanda ƙawa za ta iya sake sawa ta je lakca ko sallar Idi. Wanda ya saƙa faifan da wadda ta dama furar su ma sun samu ciniki, kai kuma ba ka shiga sabon gida da bashi a wuya ba.

'Yan ajin ƙarshe, ku da za ku fara turo mana katin gayyata nan ba da jimawa ba, ku duba maganar nan. Wanda yake ganin na tsaurara ko na yi sassauci ya faɗi nasa, muna ji. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya haɗa kowa da abokin zama na gari.