Kafin a ɗora wa ɗalibai bindiga, a tuna da sansanin Ailafun

Duk lokacin da matsalar tsaro ta ƙazanta a Nijeriya, sai a sake jin kiran a wajabta horon soja ga ɗaliban manyan makarantu, ko a mayar da shirin yi wa ƙasa hidima na NYSC aikin soja sosai. A 2021 ma shugaban hukumar na lokacin, Birgediya Janar Shu'aibu Ibrahim, ya ce ana iya tura masu hidimar fagen fama idan yaƙi ya tashi. Masu wannan ra'ayi suna da hujja. Sojojinmu sun yi kaɗan, an kuma warwatsa su kusan kowace jiha, sannan ba a manta da masu hidimar da aka kashe a Bauchi bayan zaɓen 2011 ba, ba su da abin kare kansu.

Ba mu ƙin horo. Abin da muke tsoro shi ne tilas, musamman idan aka ɗaura ta a wuyan takardar shaidar karatu. Sudan ta gwada wannan hanya, kuma 'yan'uwanmu Hausawan can shaidu ne.

Bayan juyin mulkin Umar al-Bashir a 1989, gwamnati ta kafa rundunar sa-kai ta Difa'us Sha'abi domin yaƙin Kudu, ta kira shi jihadi. Kafin ƙarshen shekarun 1990 doka ta zama cewa wanda ya gama sakandare ba zai shiga jami'a ba sai ya bi ta sansanin horo. Yaron da ke mafarkin zama likita ya wayi gari da aski ƙwal da kakin soja, wasu kuma daga can aka wuce da su Kudu. A watan Afrilun 1998, ana dab da Babbar Sallah, matasan da ke sansanin Ailafun, kudu maso gabashin Khartum, suka nemi izinin zuwa gida aka hana su. Suka yi ƙoƙarin tserewa ta kogin Nilu. Gwamnati ta ce sama da hamsin sun nutse da jirgin ruwansu ya kife. 'Yan adawa suka ce harbi aka buɗe musu, kuma mamatan sun haura ɗari. Laifinsu kawai son yin Sallah a gaban iyayensu. Kudun da aka yi duk wannan dominta kuwa ta ɓalle a 2011.

Tun da an ambaci sunan addini a wancan shiri, ya dace a faɗi abin da addinin ya tanada. Manzon Allah (SAW) ya mayar da Abdullahi ɗan Umar gida ranar Uhudu saboda ƙarancin shekaru, ya kuma umarci wani mai son fita yaƙi da ya koma ya kula da mahaifansa. Daga nan malamai suka shardanta izinin iyaye matuƙar abokan gaba ba su afka wa gari ba. A Ailafun ba a tambayi uwa ko uba ba.

Saboda haka duk ɗan majalisar da zai kawo irin wannan ƙuduri, ya fara amsa mana: idan ɗalibi ya mutu a sansani, wa za a kama, kuma a wace kotu? Shin ɗan minista da ke karatu a Ingila zai shigo layi, ko kuwa 'ya'yan talakawa ne kaɗai? Ƙasar da mako uku na sansanin NYSC ke gagararta wajen ruwa da magani, da me za ta riƙe dubban ɗaruruwan matasa na watanni?

Shawararmu ita ce a buɗe rundunar ko-ta-kwana ga wanda ya zaɓa da kansa, a biya shi, a yi masa inshora. Sauran ɗalibai a koya musu agajin gaggawa da kashe gobara da ceto lokacin ambaliya, a kuma rubuta ƙarara cikin dokar cewa ba za a riƙe takardar kowa ba don ya ƙi ɗaukar makami.