Ƙwayar karatu: maganin wani, gubar wani

Rubutun nan zai ɗan yi tsawo, ku yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, musamman ku da jarrabawa ta ƙarato muku.

Ina gida Awe nake wannan rubutu, amma abin da ya sa ni rubutun a Lafia ya faru, a ɗakinmu, zangon karatun da ya wuce. Akwai wani abokin zamana, ba zan kama sunansa ba, kuma da izininsa nake ba da labarin. Yaro ne mai ƙoƙari, ko sigari ba ya sha. Ana gobe za mu rubuta wani kwas mai wuya, wani ya ba shi 'yan ƙwayoyi a ƙulle cikin takarda, ya ce masa wannan ba irin ta 'yan shaye-shaye ba ce, ta karatu ce, ita ɗaliban Amurka ke sha. Ya sha ɗaya wajen sha ɗayan dare. Da ya ga kamar ba ta yi masa komai ba, ya ƙara ɗaya. Wajen ƙarfe uku ya sake ƙarawa, ya kora da lemon ƙarin kuzari.

Da asuba na same shi zaune, ido jajir, yana ta kwafe shafi ɗaya na handawut ɗinsa da biro kala uku. Ya ce min bai taɓa jin daɗin karatu irin na daren nan ba. A zauren jarrabawa kuwa hannunsa ya kama rawa, zuciya na dukan uku-uku, gumi na zuba. Ya cika shafi huɗu a kan tambayar farko, lokaci ya ƙare bai taɓa sauran ba. Daga nan sai ɗakin shan magani. Kwas ɗin nan yanzu yana jiransa baɗi. Mun gode wa Allah da abin ya tsaya a nan.

Tun daga ranar na shiga binciken mece ce wannan ƙwaya, kuma ra'ayina a taƙaice shi ne: magani ce ta gaskiya, ta masu larura ta gaskiya, amma a hannun mai lafiya ba ta da bambanci da sauran ƙwayoyin da muke ƙyama. Abin da ya raba maganin da gubar abu biyu ne: wa aka rubuta wa, kuma nawa aka ce ya sha.

Mu 'yan Awe mun san gishiri, iyayenmu mata sun gaji dafa shi tun kaka da kakanni. Ba wanda zai ce gishiri mugun abu ne. Amma a ba wa wanda bai iya girki ba ludayi ya zuba yadda ya ga dama, ranar ba mai cin tuwo a gidan.

Bari mu fara da su waye masu maganin.

Kashi na farko su ne masu larurar da likitoci ke kira ADHD, wato gazawar tattara hankali wuri ɗaya, sau da yawa haɗe da rawar kai da yanke hukunci cikin gaggawa. Tun yarinta take farawa. A ƙiyasin masana, kusan yara 5 cikin 100 a duniya na da ita, manya kuma wajen 2 zuwa 3 cikin 100. A wurinmu irin yaron nan shi ake ce wa mai ƙiriniya, ko mara jin magana, ya sha bulala a boko ya sha a islamiyya, alhali ba da gangan yake yi ba.

Kashi na biyu su ne masu narkolefsi, ciwon da barci ke kwashe mutum farat ɗaya da rana tsaka, ko da ya yi barcinsa na dare cikakke. Wannan daban yake da ciwon barcin da ƙudan tsando ke kawowa. Wani likitan Faransa mai suna Gélineau ne ya raɗa masa suna a 1880, kuma a ƙarshen shekarun 1990 aka gano cewa yawanci ƙarancin wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa mai suna oreksin, wanda aikinsa riƙe mutum a farke. Ana ƙiyasin mutum 1 cikin 2,000 na da shi. Wasunsu in suka yi dariya sosai sai gwiwoyinsu su saki, su zube. Ku faɗa min, a garuruwanmu in yarinya ta yi haka me za a ce? Aljanu. In namiji ne kuma a ce rago ne.

Waɗannan su ne aka yi wa magungunan. Wanda aka fi sani shi ne methylphenidate, da ake sayarwa da sunan Ritalin ko Concerta. Wani masanin haɗa sinadarai, Leandro Panizzon, ya haɗa shi a 1944 a birnin Basel na Suwizalan, sunan Ritalin ma daga sunan matarsa Rita aka samo shi. Akwai dangin amfetamin, irin su Adderall da ya yi suna a Amurka. Akwai kuma modafinil da aka fi ba masu narkolefsi. Methylphenidate da amfetamin suna cikin jerin magungunan da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sa wa takunkumi mai tsauri, saboda suna iya kama mutum. Wato ba Panadol ba ne da za ka aiki yaro kemis ya sayo.

Yanzu ga inda nake so ku natsu: yadda likita ke auna shi.

Likita ba ya fara rubuta maganin sai ya tabbatar da larurar. Zai tambayi tarihinka tun yarinta, ya auna hawan jini da bugun zuciya da nauyi, ya tambaya ko a danginku akwai ciwon zuciya ko wanda ya taɓa faɗuwa ya mutu farat ɗaya, ya bincika ko kana da taɓin hankali ko farfaɗiya ko wani maganin da kake sha. Bayan nan sai ya fara da ɗan kaɗan. A methylphenidate mai saurin aiki, yaro kan fara da miligiram 5 sau ɗaya ko biyu a rana. Ba a ƙarawa sai bayan kamar mako guda, shi ma kaɗan-kaɗan, ana duba ko yana cin abinci, yana barci, ko zuciya ta canza bugu. Akwai iyakar da takardar maganin ta gindaya, miligiram 60 a rana, kuma da yawa ba sa ma kusantar ta, don abin da ake nema shi ne mafi ƙarancin awon da zai yi aiki. Modafinil kuwa galibi miligiram 200 ne, da safe.

Ku lura da kalmar nan: da safe. Mai saurin aikin yana ɗaukar awa uku zuwa huɗu a jiki, mai dogon zango kuma yana kai awa goma sha biyu. Shi ya sa likitoci ke hana shan sa da yamma, don kada ya hana barci. Wato abin da likita ke gudu a matsayin illa, shi ɗalibi ke nema a matsayin amfani. Tun daga nan an kauce hanya.

Kuma awon nan ba a aron sa. Mutum biyu masu nauyi ɗaya da shekaru ɗaya, awon da ya daidaita ɗaya zai iya rikita ɗayan. Shi kansa likita ba ya sanin awonka sai ya bi ka makonni. To ta yaya ɗan ajinku da ke karantar lissafi ko aikin gona zai san naka a dare ɗaya? Abokina abin da likita zai ɗauki makonni yana lallaɓawa shi ya yi cikin awa huɗu, a kan cikin da ba komai sai indomi, ya ɗora kafeyin a kai.

Na san abin da wasu za su ce, don na riga na sha wannan muhawara a hostel.

Wani zai ce, ai tana aiki, ni na gwada na ga na zauna awa shida ban motsa ba. Gaskiya ne, tana hana barci, tana sa ka ji kamar kai ne gwanin duniya. Amma jin kana fahimta daban, fahimtar daban. A 2023 masu bincike daga jami'o'in Melbourne da Cambridge sun gwada methylphenidate da dextroamphetamine da modafinil a kan mutum 40 masu lafiya, aka ba su wani lissafi mai sarƙaƙiya su warware. Sakamakon ya nuna in sun sha maganin sun fi daɗewa a kan aikin, sun fi yawan gwaje-gwaje, amma ingancin aikin ya ragu, kuma waɗanda suka fi ƙoƙari ba tare da magani ba su suka fi yin ƙasa. Da na karanta wannan sai na tuna shafi huɗun abokina a kan tambaya ɗaya. Ƙari a kan haka, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da ka karanta. Ka kwana biyu ba barci, kamar mai ɗibar ruwa da kwando ne.

Wani zai ce, ai likita ne ya rubuta wa ɗan uwana, ba ta jabu ba ce. To, ɗan uwanka aka rubuta wa, zuciyarsa aka auna. Kuma duk ƙwayar da ka karɓe masa, ranar karatunsa guda ka cinye. Wannan a inda ka san asalin ta kenan. Wadda aka miƙo maka a ƙulle cikin takarda fa? A Amurka ma, da duk tsaronsu, hukumar yaƙi da ƙwayoyi ta sha gargaɗi a kan Adderall na jabu da ake cusa wa methamphetamine ko fentanil, kuma a watan Mayun 2022 ɗalibai biyu na jami'ar jihar Ohio sun rasu, har jami'ar ta fitar da gargaɗi a kan irin waɗannan ƙwayoyi. Mu nan NDLEA ta sha bankaɗo wuraren dafa methamphetamine a cikin ƙasar nan. Wa zai rantse maka da abin da ke cikin taka?

Wani kuma zai ce, sau ɗaya ne kawai, don jarrabawa. 'Yan uwa, mu 'yan Arewa bai kamata a ba mu labarin sau ɗaya ba. Kodin ma maganin tari ne, sai da ya cinye mana matasa da matan aure kafin gwamnati ta hana shigo da shi da haɗa shi a watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC. Tiramol maganin ciwo ne, mai miligiram 50 ko 100 ake ba marasa lafiya, yau mai 225 ke yawo a tasha. Binciken da aka yi da haɗin gwiwar ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ya nuna mutum miliyan 14.3 a Najeriya, 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da aka yi binciken a kanta. Nawa ne a cikinsu suka fara da niyyar lalacewa? Mai dako ya fara don ya ƙara ƙarfi, direba don kada ya yi gyangyaɗi, ɗalibi don ya ci jarrabawa. Jiki kuma yana sabawa, ɗaya ta daina isa, ranar da babu sai kasala da baƙin rai su rufe ka.

Illolin ma ba ɓoyayyu ba ne: rashin cin abinci, rama, hawan jini, bugun zuciya ba daidai ba, fargaba, saurin fushi. In awo ya yi yawa ana iya kaiwa ga jijjiga, ko mutum ya fara ganin ana bin sa, yana jin muryoyi. 'Yan uwa mata masu aure da ke tsarin tazarar haihuwa, ku sani modafinil na rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar. Wanda ya miƙo miki ba zai faɗa miki wannan ba, don shi ma bai sani ba.

Amma kada a fahimce ni a karkace. Laifinmu biyu ne, ba ɗaya ba. Muna sha alhali ba ma buƙata, sannan muna tsangwamar masu buƙata. In ɗan ajinku na shan maganin nan bisa umarnin likita, ba ɗan ƙwaya ba ne, kamar mai ciwon suga ne da allurarsa. Kada ka roƙe shi, kada ka yi masa gori. In kuma kai ne tun firamare ba ka iya zama minti goma a kan littafi, kullum kana ɓatar da kaya, kana manta alƙawari, ko kuma barci na kwashe ka a tsakiyar lakca duk da ka kwana lafiya, to ka je asibiti. Fara da asibitin makarantarku, su tura ka wurin likitan ƙwaƙwalwa. Akwai manyan asibitoci a Lafia da Keffi, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne. Wataƙila ma a gano ba ADHD ba ce, damuwa ce, ko ƙarancin jini, ko wayar da ke hannunka har ƙarfe biyun dare. Addu'a da ruƙiyya ba su hana ganin likita ba.

Gaskiyar da ba ma so a faɗa ita ce, yawancinmu ba larura ke damun mu ba. Mako goma sha biyu muna yawo, muna kallon ƙwallo, muna hira a gindin bishiya, sai jadawalin jarrabawa ya fito mu nemi abin da zai dunƙule mana zango guda cikin dare biyu. Ni ma ina ciki, ba wa'azin waliyyi nake muku ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Awa biyu kullum tun farkon zango, karatun rukuni, tsofaffin tambayoyi, da barcin awa bakwai a daren jarrabawa sun fi kowace ƙwaya. Ko shayi da kofi da goro ma da iyakarsu, masana na cewa babba kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, kusan kofi huɗu kenan.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyinmu na ɗalibai, na jiha da na ƙananan hukumomi da na masallaci, a riƙa gayyato likita ko masanin magunguna ya yi mana bayani kafin kowace jarrabawa. In kuma ka ga wani ya sha, zuciyarsa na bugawa da ƙarfi, ƙirji na ciwo, ko ya fara sambatu, kada ka tsaya ba shi madara ko manja, kada ka ɓoye don gudun tonon asiri. A kai shi asibiti nan take, a tafi da ragowar ƙwayar a nuna wa likita.

Duk lokacin da na hau motar Awe zuwa Lafia, muka bi ta Obi, ina tuna cewa kuɗin motar nan da na makaranta daga doya da shinkafa da riɗin iyayenmu suka fito. Kwas in ka faɗi za ka maimaita baɗi, abin da zafi amma ana wucewa. Zuciya ko hankali in suka taɓu, babu ofishin da za ka je ka cike fom a maido maka.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wanda ya taɓa ganin irin wannan a makarantarsu ya ba mu labari a ƙasa, ba sai an kama suna ba. Ku tura wa abokan ɗakinku.