FILIN MATA: Ƙafar Yaro da Ɗakin Bincike

Makon nan zancenmu a kan watannin nan ne da a ke ɗauke ɗaliban jami'a daga aji a tura su koyon aiki a ɗakin bincike. Na ji iyaye suna cewa tun da ba karatu a ke yi ba, gara yarinya ta komo gida ta taya uwarta surfe. Ni ban yarda ba, kuma da ƙashi zan kafa hujja.

Kowaccenmu ta san yaron da ya fara tafiya sai ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka, ko kuwa suka yi gwame. Wasu su ce gado ne, wasu su ce an yi saurin tsai da shi. A Ingila a zamanin da, ciwon nan ya yi yawa a garuruwan da hayaƙi ya tare rana, gama hasken rana shi ke sa fatar mutum ta yi bitamin D, wanda ke taimakon ƙashi ya yi ƙarfi. Suka riƙa ba yara man kifi, suna warkewa. To, mu da rana ke gasa mu tun hantsi, me ya kawo mana shi?

A asibitin koyarwa na Jos aka bi sawun amsar. Dokta Tom Thacher da abokan aikinsa suka raba yara 123 masu wannan ciwo kashi uku. Kashi guda aka ba su bitamin D kaɗai, kashi guda kalsiyam, sauran aka haɗa musu duka biyu, har mako 24. Da aka buga sakamakon a 1999, sai ga shi waɗanda suka sami kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba. Kalsiyam kuwa dangin allin da mu ke rubutu da shi ne, shi ne tubalin ƙashi. Watau yaran nan abincinsu ne ya gaza: an yaye su a kan koko da tuwo, nono kuwa sai jifa-jifa. Daga baya ma a can Jos aka gwada dakakken busasshen kifi da ƙayarsa, ya yi magani. Kada dai wata ta ce na ce a ba yaro alli ya ci. Kindirmo da miyar kuka da zogale da riɗi suna nan, yaron da ƙafarsa ta soma lanƙwasa kuwa asibiti za a kai shi.

Ku duba fa, 'yan'uwa, amsar nan ba daga bakin malami a aji ta fito ba. Sai da wani ya ɗebi jini ya auna, wani ya ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa, wani ya rubuta lamba bayan lamba ba gajiya. Irin wannan aiki hannu ke koyonsa, kamar kaɗi.

Don haka ne hukumar ITF, mai hedkwata a Jos, ta kafa shirin SIWES a 1973, domin ɗalibi ya taɓa aiki kafin ya sami digiri. Yarinyar da ke karatun sassan jiki a Jami'ar Bayero, wadda sabon mazauninta ke kan hanyarmu ta Gwarzo, tana iya neman wuri a asibitin Malam Aminu Kano, ko asibitin ƙashi na Dala da aka buɗe tun 1959. Da fari wankin kwalabe za ta yi, kada ta raina. Sa'an nan a nuna mata yadda a ke jiƙa ɗan guntun ƙashi cikin ruwan magani har ya yi laushi, a dasa shi cikin kakin kyandir irin na likita, a yanka shi ya fi bawon albasa sirantaka, a rina, a sa a madubin likita. A nan za ta ga abin da ni sai a littafi na gani: ƙashi abu ne mai rai. Akwai ƙwayoyin halitta masu rushe tsohon gini, akwai masu aza sabo, dare da rana, har a cikin shekara goma wajen dukan ƙasusuwa 206 na babban mutum sun sabunta. Wannan aiki nasu shi ke haɗa karaya. Maɗori daidaitawa ya ke yi ya ɗaure.

Na san abin da ke tsaye wa iyaye a rai, watau masauki a birni da kuɗin mota, alawus ɗin kuma ba a dogara da shi. Gaskiya ne. Amma wa ya rasa gwaggo ko inna a Kabuga ko Rijiyar Zaki? A yi wa maigida bayani tun da wuri, ya je da kansa ya ga wurin.

Ku kuma 'yan makaranta, ku riƙe ilmin halittu da na haɗa magunguna da kyau tun yanzu. In lokacin ya zo, kada ku bi masu neman ofishin da za a sa musu hannu a littafin aiki suna zaune a gida. Ki rubuta takardar neman wuri wata biyu kafin hutu, ki kai da ƙafarki, ki tambayi wanda ke kula da ɗakin yankan nama da ƙashi.