RA'AYINMU: Sun Kai Ta'aziyya Gidan Wanda Ya Kashe 'Ya'yansu

A Jihar Pensilbaniya ta ƙasar Amurka akwai wani ɗan ƙauye na manoma da masu kiwon shanu da ake kira Nickel Mines. Ba don abin da ya auku a can ran 2 ga watan Oktoba, 2006 ba, da ko a cikin Amurkan kanta ba mai jin sunansa. Mun ga ya kamata mu kawo wa masu karatunmu labarin ƙauyen nan, musamman 'yan'uwanmu mazauna Sabo da Zango na garuruwan kudu, domin akwai abu guda a cikinsa da ya shafe mu.

Ran nan da hantsi wani direban tankar madara mai suna Charles Roberts, ɗan shekara 32, ya shiga makarantar ƙauyen ɗauke da bindigogi. Makarantar ɗaki ɗaya ce tak, ta 'ya'yan wata jama'a da ake kira Amish. Ya kori yara maza da manyan matan da ke ciki, ya tsare 'yan mata 10, ya ɗaure musu ƙafafu, kana ya buga katako ya toshe ƙofofi. Malamar ta samu ta sulale, ta sheƙa zuwa wata gona da ke kusa, daga nan aka buga wa 'yan sanda waya. Kafin su fasa su shiga ya buɗe wa yaran wuta, sa'an nan ya harbe kansa. Biyar suka rasu, sauran biyar suka sami munanan raunuka. Ƙaramarsu shekararta 6, manyan 13. Waɗanda suka tsira sun ba da labari cewa wata 'yar shekara 13 ta roƙe shi ya fara da ita, ko wataƙila ya ƙyale ƙananan.

Shi Roberts ba ɗan Amish ba ne, amma maƙwabcinsu ne. A gonakinsu yake ɗibar madara, sun san shi, sun san matarsa da 'ya'yansa uku. Cikin takardun da ya bari ya ambaci wata 'yarsa da ta rasu jim kaɗan bayan haihuwarta a 1997, ya ce tun daga lokacin yake fushi da Ubangiji. Allah Ya kiyashe mu.

Kashe yara a makaranta ba baƙon abu ba ne a Amurka, abin takaici. Abin da ya sa duniya ta riƙe baki shi ne abin da ya biyo baya. Tun ran nan, kafin a yi wa yaran sutura, waɗansu daga cikin mutanen Amish suka nufi gidan matar Roberts da iyayenta, suka yi musu ta'aziyya, suka gaya musu ba su riƙe su da komai ba. Wani maƙwabci ya je wurin mahaifin Roberts, ya iske shi ya kasa ɗaga kai don kunya da baƙin ciki, ya dafa shi yana ba shi haƙuri. Wani kaka, a tsaye kusa da gawar jikarsa, aka ji yana gargaɗin yaran gidan kada su riƙe mutumin nan da mugunta a zuciya. Ran da aka binne Roberts kuwa, 'yan Amish wajen 30 suka halarta, cikinsu har da waɗanda suka binne 'ya'yansu cikin makon nan. Da taimako ya yi ta zuwa daga ko'ina cikin duniya har ya haura dala miliyan 4, sai kwamitin da aka naɗa don riƙon kuɗin ya ware wani kaso ya ba matar Roberts da marayunta. A ganinsu ita ma masifar ta faɗa mata.

To, su wane ne waɗannan mutane? Kiristoci ne, asalinsu daga wata ƙungiya da ta tashi a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan a 1525. Mutanen ƙungiyar suka ce ba za a yi wa jariri baftisma ba sai mutum ya yi hankali ya zaɓa da kansa, ba za su yi rantsuwa ba, ba kuma za su ɗauki takobi ba ko don sarki ko don kare kai. Wannan ya sa Katolika da Furotestan, waɗanda ba su ga maciji da juna a lokacin, suka haɗu a kan farautarsu. Aka nutsar da waɗansu a kogi, aka ƙone waɗansu da ransu. A 1693 wani malaminsu mai suna Jakob Ammann ya ware da mabiyansa, daga sunansa aka sami Amish. Cikin ƙarni na 18 suka fara ƙaura zuwa Pensilbaniya, inda aka yi alkawarin barin kowa da addininsa. Yau babu sauransu a Turai. A Amurka kuwa har yanzu keken doki suke hawa, galibinsu ba su jawo lantarkin gwamnati gida, suna magana da wani karin harshen Jamusanci a tsakaninsu, 'ya'yansu kuma aji takwas suke yi su bar makaranta, abin da Kotun Ƙoli ta Amurka ta yarje musu a 1972. Ba su shiga soja, ba su shiga aikin ɗan sanda, ba kuma al'adarsu ba ce su kai mutum ƙara kotu.

Jaridun Amurka na lokacin sun ɗauki yafewar Nickel Mines tamkar wani abin al'ajabi da ya faɗo daga sama. Mu dai ba haka muka gan ta ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. A gidajen Amish da yawa, bayan Littafi Mai Tsarki, akwai wani ƙaton littafi da aka fara bugawa a ƙasar Holan a 1660, sunansa Madubin Shahidai, ya fi shafi 1,000, cike da labarin kakanninsu da aka kashe saboda addini. Wanda yara suka fi sani a ciki shi ne na Dirk Willems. A 1569 ya tsere daga kurkuku, ya bi ta kan wani tafki da sanyi ya daskarar. Mai gadin da ya biyo shi ya fi shi nauyi, ƙanƙarar ta fashe da shi, ya faɗa ruwa yana kururuwa. Willems ya riga ya tsira, amma ya juyo ya tsamo shi. Nan take aka sake kama shi, aka ƙone shi da ransa. Yaron da ya tashi yana jin wannan labari, kuma aka nuna masa cewa wanda ya juyo ɗin shi ne gwarzo, ba zai girma da irin zuciyar wanda aka raina da labarin ramuwa ba.

Ba labari kaɗai ba. Addu'ar da suke yi kullum, safe da dare, ta ɗaura gafarar da suke nema wurin Ubangiji a kan gafarar da suke yi wa waɗanda suka cuce su, kuma sun ɗauki maganar da gaske: wanda ya ƙi yafewa, a wurinsu, ya sa nasa ceton cikin haɗari. Sau biyu a shekara, kafin babbar ibadarsu ta cin jibi, sukan yi taro inda kowa zai tabbatar cewa ba shi da jiƙaƙƙa da kowa. In aka ga akwai sauran gaba tsakanin mutane, sai a ɗage ibadar har a sasanta. Watau sun daɗe suna koyon yafe ƙananan abubuwa, shanun maƙwabci sun shiga gona, wani ya faɗi maganar da ba ta dace ba. Da babbar ta zo, ƙafafunsu sun riga sun san hanyar gidan da za su.

Ba kowa ya yaba ba, kuma masu sukar suna da abin faɗi. Wani marubuci a jaridar Boston Globe, Jeff Jacoby, ya rubuta a watan nan cewa wannan yafewa ce da ba a cancance ta ba, yana ganin al'ummar da ba ta fusata in an kashe yara tana da abin dubawa. Waɗansu suka ce ai yafe wa matacce ba wuya, tun da ba za ka gamu da shi a kasuwa ba. Waɗansu kuma suka tuna cewa su 'yan Amish ɗin nan sukan ƙaurace wa nasu da ya karya dokar jama'a bayan ya yi baftisma, har su ƙi cin abinci tare da shi. Mafi nauyi duka, an sha samun matan da suka tashi cikinsu suna ba da labarin yadda aka matsa musu su yafe wa wanda ya ci zarafinsu a gida, aka rufe maganar ba tare da hukuma ta ji ba. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi. Yafewar da aka tilasta wa mai rauni domin a rufa wa mai ƙarfi asiri ba ta da alaƙa da abin da muke yabawa a nan.

Amma a lura da abin da iyayen Nickel Mines suka yi da abin da ba su yi ba. Ba su ce kisan ba laifi ba ne. Ba su hana a kira 'yan sanda ba, bayan haka ma sun yi musu godiya. Malaman jami'a uku da suka zauna da su suka rubuta littafin Amish Grace a 2007 sun bayyana cewa a wurinsu yafewa dabam, sakin mai laifi dabam. Da Roberts ya rayu, ba za su ce a bar shi ya tafi gida ba, domin sun yarda hukunci aikin hukuma ne. Abin da suka ajiye shi ne ramuwa. Abin da kuma suka ƙi yi shi ne ɗora laifin mutum ɗaya a kan matarsa, da 'ya'yansa, da iyayensa, da cocinsu.

Nan ne maganar ta iso ƙofarmu. Duk wanda ya zauna a kudu ya san yadda ake kwana da ido ɗaya in aka ce wani Bahaushe ya yi abu a wata unguwa, ko da ba ka taɓa ganinsa ba. Haka Bayarabe ko Ibo da ke Sabon Gari yake kwana in labari ya zo daga nan. A watan Yuli, 1999, rikici ya tashi a Shagamu lokacin bikin Oro, aka kashe mutane da dama. Da waɗanda suka tsere suka isa Kano, sai aka faɗa wa Yarabawan can, mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. A watan Fabrairu, 2021, sa-in-sa tsakanin ɗan dako da mai shago a kasuwar Shasha ta Ibadan ta kai ga mutuwar mutum ɗaya, kafin a ankara an ƙone shaguna da gidaje, an rasa rayuka, talakawan ɓangarorin biyu suka wayi gari ba jari. A duk waɗannan, wanda ya tsokano faɗan ba shi ke biya ba. Mai shayi ke biya, da mai wankin takalmi, da matar da ke sayar da tumatir.

Ba mu ce kowa ya bi tafarkin Amish ba. Musulmi ba a hana shi kare kansa ba, kuma Shari'a ta ba magadan wanda aka kashe zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da afuwa, ta kuma yabi mai afuwa. Amma ko wanda ya zaɓi ƙisasi, gaban alƙali zai kai, kuma a kan makashin kaɗai ne. Ba inda aka ce ka nemi ɗan garinsu ka huce a kansa. Ashe ke nan abin da manoman Pensilbaniya suka aikata cikin yini guda, mu ma an karantar da mu shi tun muna makarantar allo ko ta Lahadi. Sarakunan Hausawa na garuruwan kudu, da limamai, da shugabannin kasuwa, su ya kamata su riƙa tuna wa matasa wannan tun ana zaman lafiya, domin ran da jini ya zuba ba mai sauraron wa'azi.

Sai dai muna jan kunnen masu mulki kada su ari wannan labari su yafa. A Nickel Mines 'yan sanda sun iso cikin 'yan mintoci, jirage masu saukar ungulu suka kwashi yaran zuwa asibiti, aka bincika komai aka gaya wa iyaye. Iyayen yaran da aka kashe a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a watan Fabrairu, 2014, da iyayen 'yan matan Chibok da aka sace bayan wata biyu, ba su ga irin wannan ba. Wanda bai tsare maka ɗa ba, bai kuma kamo wanda ya kashe shi ba, ba shi da bakin da zai ce maka ka yafe. Yafewa hakkin wanda aka cuta ne, in ya so ya bayar.

Kada kuma a zaci abin ya zo musu da sauƙi. Kwana 10 bayan kisan, tun da asuba, aka rushe makarantar aka mai da wurin makiyaya, don kada yara su riƙa ganinta. A watan Afrilu, 2007 aka buɗe wata kusa da nan, aka sa mata suna Sabon Fata. Iyayen sun nemi taimakon masu ba da shawara kan ciwon zuciya, waɗansunsu kuma sun ce yafewar ba a yi ta sau ɗaya an gama ba, kowace safiya sai sun sake ta.

Ƙaramar cikin 'yan matan, 'yar shekara 6 ɗin nan, a ka aka harbe ta. Likitoci suka sallame ta don ta cika a gida, sai Allah Ya yi da sauran kwana. Ta rayu, amma ba ta sake tafiya ko magana ba. Mahaifiyar Roberts ta nemi izinin iyayen yarinyar, suka ba ta, ta riƙa zuwa gidansu kusan kowane mako, shekara da shekaru, tana taya su yi mata wanka, tana karanta mata littafi, tana rera mata waƙa. Tsohuwar ta rasu a 2017. Yarinyar kuma ta rasu a watan Satumba, 2024, tana da shekara 23.