Awoyin Matuƙin Jirgi da Amanar Sa Hannu

A wannan wata filin namu zai leƙa cikin jirgin sama, domin mu ga yadda mataimakin matuƙi yake zama kyaftin, ganin cewa yaranmu na zango da dama sun fara sha'awar wannan aiki.

Kowa ya san yadda yaron mota yake zama direba. Sai ya daɗe yana bin maigidansa, ana ba shi sitiyari jefi-jefi, har ran da maigidan zai ce ya ƙware. To, a jirgin sama faɗa da baki ba ta wadatarwa. Kowane matuƙi yana da littafi da yake rubuta duk tafiyar da ya yi: rana, irin jirgi, inda aka tashi, inda aka sauka, awa nawa aka yi, da matsayin da ya riƙe.

Hukumar ICAO, mai hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Chicago ta 1944, ita ce ke shimfiɗa ƙa'idojin da ƙasashe suke ɗora dokokinsu a kai. Ta ce mai neman babban lasin, wanda sai da shi ake zama kyaftin a manyan jiragen fasinja, dole ya kai shekara 21, ya kuma tara awa 1,500 ta tuƙi. A ciki ana bukatar awa 100 ta dare, da awa 75 ta tuƙi da na'urori kaɗai ba tare da duban waje ba.

Sai dai akwai ƙulli a nan. Ana so ya nuna ya taɓa shugabantar jirgi, alhali shi mataimaki ne. Yaya ke nan? Mafitar ita ce shugabanci ƙarƙashin kulawa, wanda ake taƙaitawa da PICUS. Wato mataimakin zai yi aikin kyaftin duka, tun daga duba yanayi da lissafin mai, har yanke shawara a sama da sauke jirgi, kyaftin kuwa yana zaune yana lura. Ana karɓar awa 500 irin wannan, ko kuwa awa 250 idan aƙalla 70 daga ciki shi ne shugaban jirgin na haƙiƙa.

Dokar Tarayyar Turai ta ƙara fayyace sharuɗɗan. Wajibi ne hukuma ta amince da tsarin kulawar. Idan kyaftin ya tsoma baki don kauce wa haɗari, wannan tafiya ba ta shiga lissafin shugabanci. Sannan sai kyaftin ya sa hannu ya tabbatar da abin da aka rubuta. Duk da haka, alhakin jirgi da rayukan da ke ciki yana wuyan kyaftin har a sauka.

To, a nan amana ta shigo, domin su biyu ne kawai a gaban jirgin. Idan kyaftin ya ji nauyin yaronsa ya sa hannu a kan abin da bai faru ba, ba shi zai biya ba, fasinjojin gobe ne za su biya. Ba tatsuniya ba ce. A 2010, bayan haɗarin jirgi a garin Yichun, aka bayyana cewa hukumomin ƙasar Sin sun gano matuƙa fiye da 200 da suka yi ƙarya game da tarihin aikinsu.

Saboda haka, yaron da ke burin tuƙa jirgi ya fara koyon rubuta gaskiya tun yana aji. Mu kuma malamai da iyayen gida masu sa hannu a takardun shaida, mu tuna ramin ƙarya ƙurarre ne. Allah ya sa mu dace. Sai wata mai zuwa.